Matar da Ke Jikin Fosta Ba Ni Ba Ce

Yau kada wadda ta ce min "yi haƙuri, Tilaga." Na roƙe ku. Haƙurin nan na sha shi har ya fara fito min ta hanci, in kuma shi kika zo rubuta min a ƙasan labarin nan to ki riƙe abinki. Ku bar ni in zazzage abin da ke cikina tukuna.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Tilaga. A garin Ipoh na ƙasar 'yan Malayu aka haife ni, nan aka haifi uwata da kakata, amma har gobe in cacar baki ta haɗa ni da wani a layin mota sai ya ce in koma Indiya, ƙasar da ko a mafarki ban taɓa takawa ba. Baƙa ce ni. Ba wankan tarwaɗa ba, ba kuma "baƙa mai ɗan haske" ba irin yadda Inna ke gaya wa masu tambaya. Mijina Anbu ma ya fi ni. Hatsarin babur ya ɗauke shi ina da cikin Yalini. Bai bar min gida ba, bai bar min mota ba, fatarsa ya bar min a jikin yarinyar nan, da 'yar wushiryarsa. Yanzu shekararta uku.

Asabar da safe ina tsugune a bakin ƙofa ina ɗaure igiyar kambas, sanye da baƙin wando mai kama jiki da rigar ƙungiyarmu ruwan lemo, na tufke gashi a ƙeya, sai ga Inna ta fito daga banɗaki riƙe da hannun Yalini. An damɓara wa yarinya kwaɓin garin wake da kurkum da madara tun daga goshi har wuya.

"Inna, me na ce miki a kan abin nan?"

"Me kika ce? Wanka nake wa jikata. Ke ma da shi na raine ki."

"Ai kuwa ya yi aiki. Kalle ni, sak 'yar Koriya."

"Bakin nan naki shi zai kai ki ya baro. Ungo lema. Wannan safar kuma ki zura a hannuwanki. Gobe uwar Logen za ta zo ganinki, ke kuma za ki je ki shanya kanki a rana kamar barkono."

Na wanke wa 'yata fuska, na ɗiga mata baƙin ɗigon goshinta, na sa ta a keken tura yara muka fice. Lemar na bar wa Inna a kan takalma.

Logen ɗin nan Goggo Saroja ce ta nemo shi, yayar babana. Saurayi ne bai taɓa aure ba, yana da shagon buga fosta da katin biki a tsohon gari. A wajen Goggo, bazawara baƙa mai ɗiya ta samu irinsa, ai sai ta tafi haikali da rarrafe ta fasa kwakwa ta yi godiya. Ni kuwa ba zan ɓoye muku ba, ina sonsa. Ba don shago ba. Ranar da ya fara zuwa gidanmu, Yalini ya tsuguna ya gaisar kafin ya kalle ni, ya ɗora ta a wuya yana zagaye falo, ya tsaya gaban hoton Anbu mai furanni ya ce, "Yaya, kada ka damu, wannan tawa ce." Ranar sai da na shiga kicin na yi kukana.

Ƙungiyar tamu sunanta Uwa da Keke. Duk Asabar muke haɗuwa a filin shaƙatawa na bakin tafki, mu tura yara a keke muna sassarfa, mu dawo mu shimfiɗa tabarmin roba mu yi tsalle-tsalle har gumi ya jiƙa mu. Siu Fong ce ta kafa ta, 'yar Cana, siririya, kullum da usur a wuya. Takenmu, wanda ke rubuce a bayan kowace riga: Kowace uwa tamu ce. Kada ku ɗauka wasa nake da ƙungiyar nan. Bayan rasuwar Anbu ko labule ba na ɗagawa. Yaya Rohaya, maƙwabciyarmu 'yar Malayu, ita ta shigo har ɗaki ta jefo min kambas ta ce, "Tashi, ba za ki ruɓe min a nan ba." A bakin tafkin nan na sake koyon dariya. Shi ya sa na dinga haɗiye abubuwa.

Ni kaɗai ce Ba'indiya a ciki. Ranar da na fara zuwa wata ta miƙo min jakar ɗanta ta ce in riƙe mata, ta tambaye ni wace ce uwar ɗakina a cikinsu. Na haɗiye. Wata rana ɗan Maman Jun na birgima a ciyawa, ta daka masa tsawa, "Yi min shiru ko Ba'indiye ya zo ya sa ka a buhu!" Ta juyo muka haɗa ido, ta yi dariya ta dafa ni, "Kai, ba ke nake nufi ba, ke ai tamu ce." Wannan ma na haɗiye, Yalini na zaune a keke tana jinta.

To bikin 'yancin kai ya matso, Siu Fong ta shirya gudun uwaye, ana son babbar fosta. Kun dai san fostar ƙasar nan, ba ta cika sai an jera 'yar Malayu da 'yar Cana da Ba'indiya suna washe baki. Nan fa na zama gwal. Ni da kullum nake ƙarshen layi a hoto, rabin kafaɗata a waje, sai ga shi ana "Tilaga, zo gaba! Ɗauko Yalini! Tsakiya, tsakiya!" Ni kuma uwar rawar kai har da cewa ai manemina fosta yake bugawa, na ba Siu Fong lambarsa.

Muna isa filin ranar Asabar ɗin nan na tarar an ɗaure fostar tsakanin bishiyoyi biyu an lulluɓe ta da zane. Siu Fong ta busa usur, aka taru, ta fizge zanen, mata suka hau tafi da shewa.

Na duba tsakiya ina neman kaina.

Ga rigata, ga 'yan kunnena na zinare masu kamar ƙararrawa, ga tabon da ke haɓata. Amma matar da ke sanye da su fara ce sol, kalar shayin da madara ta yi wa yawa. A hannunta ga wata yarinya mai wushiryar Anbu da hancin Anbu, fatarta kuwa ko kusa. An kankare mata ubanta tas daga fuska.

"Kin ga yadda kika yi kyau?" in ji Siu Fong, ta rungumo kafaɗata. "Na rantse da ƙyar na gane ki!"

Maman Jun ta ce, "Wai! Yalini kamar 'yar tsana. Kin ga da haka take..."

Ba ta ƙarasa ba. Wataƙila ma da na sake haɗiyewa, kun san hali. Sai Yalini ta sauko daga keke, ta taka har gaban fostar, ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo. Ta nuna da yatsa.

"Mama, wace ce wannan?"

"Ke ce mana, 'yar kyakkyawa!" in ji Siu Fong.

Yalini ta kalli hannunta, ta kalli na fostar, ta goga bayan hannun a rigarta da ƙarfi, ta sake dubawa. Ta juyo gare ni.

"Mama, ki ce Kaka ta ƙara shafa min abin nan. Ina son in zama waccan."

'Yan uwa, ban san lokacin da muryata ta fito ba. Har masu kamun kifi a can gefen tafki sai da suka waiwayo.

"Siu Fong, wa ya taɓa hoton nan?"

"Haba Tilaga, ɗan haske ne kawai aka ƙara. Tsakiyar ta yi duhu, fuskokinku ba sa fitowa..."

"Ba tsakiyar ce ta yi duhu ba, mu ne. Haka muke. Da rana tsaka aka ɗauki hoton nan!"

"Kowa fa an haska shi. Dubi Rohaya, dubi ni. Wa ke sa hoto yanzu ba filta?"

"Ke an goge miki ƙuraje. Ni an goge ni."

Maman Jun ta sako baki, hannu a ƙugu. "Ke matsalarki kin cika ɗaukar abu da zafi. Gyara ki aka yi fa. Mu nan ba ma ganin launin fata."

"Ba kwa gani? To wa ya ga nawa har ya ce ya yi yawa? Kuma ke, ke ce za ki buɗe baki? Ba'indiyen da ke zuwa da buhu ya ɗauke ɗanki, wace kala ce da shi? Uban yarinyar nan kenan kike kwatantawa, a gabanta, kina dariya!"

Fuskarta ta yi ja, ta ja ɗanta baya. Siu Fong ta zaro waya. "Ni fa ban ce a yi haka da yawa ba. Duba, duba da idonki." Ta tura min a fuska. Saƙonta ne zuwa ga Logen: *Tsakiyar ta yi duhu, a ɗan haska su don Allah.* Ƙasa kuma amsarsa: *Bar min wannan, ni ma ina da amfani da shi.* Har da 'yar fuskar nan mai kashe ido ɗaya.

Wane amfani?

Yaya Rohaya duk abin nan tana zaune kan tabarma cikin hijabinta na gudu ruwan toka, tana yanka wa yara gwaiba. Ban roƙe ta komai ba. Ta goge wuƙar da tsumma, ta miƙe, ta miƙo min ita ta wajen ƙota.

Na soka wuƙar a saman kan farar matar nan, na bi gefenta na zagaye har ƙasan ƙafar yarinyar, ledar fostar na ƙara ƙiiii. Suka faɗo a hannuna. Tsakiyar fosta ta zama ƙaton rami, kana hango tafki ta ciki, hoton Siu Fong da na Yaya Rohaya a gefe da gefe sun rungumi iska suna dariya.

"Kin kashe mu!" Siu Fong ta dafe kai. "Jibi ne fa gudun!"

"Ku rataya ta haka. Duk wanda ya tambayi ramin nan ku ba shi labari."

Yaya Rohaya ta karɓi wuƙarta. "Siu Fong, ni ma da aka yaye zanen nan na ga an haska ni, daɗi na ji. Sai da yarinyar nan ta goge hannunta na ji kunya ta rufe ni. 'Yan uwan Tilaga mata Indiyawa nawa ne ke zuwa filin nan da kekunan yara? Kullum suna can gindin waccan bishiyar. Kin taɓa tambayar kanki abin da ya sa ba sa matsowa? Ni dai ba zan yi gudu a ƙarƙashin hoton ƙarya ba."

Ban tsaya jin amsa ba. Na naɗe ledar na cusa a kwandon ƙasan keke, na ɗauki 'yata. Ko shinkafar kwakwar da muke saya a bakin ƙofa ban tsaya saya ba.

Ina tura keke da hannu ɗaya ina rubutu da ɗaya.

*Wane amfani ne kake da shi da hotona?*

Ya karanta. Ya fara rubutu, ya goge. Ya sake farawa.

*Tila, bari in kira ki.*

*Kada ka kira. Rubuta, ina son in gani da idona.*

*Shi na nuna wa Mama.*

Na ja birki a tsakiyar hanya, wani mai babur ya zage ni, na rama.

*Ki fahimce ni. Na san uwata. Mata uku ta ƙi tun a hoto. So nake kawai ta yarda ta taka gidanku, in ta zauna da ke ta ji maganarki za ta so ki, na rantse.*

*Da wa za ta zauna? Da ni ko da waccan?*

*Gobe ɗaya ce tak. Ki ɗan shafa hoda, a saki labule. Yalini kuma ko za ta je wajen maƙwabciyarku har mu tafi? Daga baya a hankali sai a nuna mata ita.*

Na karanta wannan na sake karantawa. Mutumin da ya tsaya gaban hoton Anbu ya ce "tawa ce." Kuma ku sani, Logen ba fari ba ne. Da kaɗan na fi shi baƙi. Shi ma a makaranta ba sunan da ba a kira shi da shi ba, da bakinsa ya ba ni labari idonsa na kawo ruwa. Abin da ya fi ƙona min rai kenan, ya san zafin, ya kuma ɗauki hannunsa ya yi wa 'yata.

Da yamma wayata ba ta huta ba. Guruf ɗin ƙungiya ya kama da wuta. Yaya Rohaya ta sa hoton na asali, mu baƙaƙenmu muna ƙyalli da gumi, ta rubuta *Ga mu nan.* Maman Jun ta fice daga guruf, wasu biyu suka bi ta. Wata da ko gaisawa ba mu cika yi ba ta rubuta, *Ni ce na ba ki jaka ranar nan. Na daɗe ina jin kunyarki.* Can Siu Fong ta turo min ni kaɗai: *Zan sake buga ta yadda take, ko da a wani shagon ne. Ban san abin zai yi miki ciwo haka ba. Ki zo jibi, ki gaya mana abin da za mu gyara.* Ban amsa ba. Ba ta sani ba, wai. Sai na koya mata kuma, bayan ni aka yanka.

Inna kuwa da na ba ta labari cewa ta yi, "To laifin me yaron ya yi? Dabara ya yi miki." Goggo Saroja ta kira a waya, muryarta har tsakar falo: "Ke Tilaga, ki shiga hankalinki! Wa kike da shi? Kina tsammanin layi ake a ƙofarku? Ki shafa abin da aka ba ki ki rufe mana baki!"

Lahadi tun da safe gidanmu ya kaure da ƙamshin ƙosai da alawar semo. An goge ƙasa, an zana fure da garin shinkafa a bakin ƙofa, an fito da kofunan ƙarfe na baƙi, an saki labule duka kamar gidan makoki. Inna ta shimfiɗa min sari ruwan hoda a gado, wai shi ke "ɗaga kala", ta ajiye gwangwanin hoda da wani man da Goggo ta aiko. Ta kama hannun Yalini za ta kai ta gidan Yaya Rohaya.

"Sakar min ita."

"Tilaga..."

"Inna, gidan ubana ne, gaban hoton ubanta. Ba inda za ta."

Na mayar da sarin ruwan hoda cikin durowa. Na ɗauko nawa kore mai duhu mai bakin zinare, wanda Anbu ke cewa in na sa shi ba ya iya cin abinci. Na shafa man kwakwa a fuska har tana ƙyalli, na sa furen yasmin a gashi. Yalini na sa mata doguwar rigarta ja. Na bi tagogin falo ɗaya bayan ɗaya na yaye labulen, rana ta shigo ta cika ko'ina. Goggo, da shigowarta kenan, ta ɗora hannu a ka, amma mota ta riga ta tsaya a waje.

Al'ada ce, ana zama sai yarinya ta fito da shayi a faranti a gan ta. Na tsaya a kicin ina jin gaishe-gaishe, sannan na ɗauki farantin na fito, Yalini riƙe da gefen sarina.

Uwar Logen na zaune a kujerar tsakiya, doguwa, fara, sarƙoƙi har uku a wuya, gilashi a kan hanci. Logen na gefenta cikin farar riga, yana ganina ya runtse ido. Matar ta kalle ni sama da ƙasa sau ɗaya, ta nuna tebur da haɓa.

"Ajiye nan, yarinya. Je ki ce wa amaryar ta fito, ba kwana muka zo yi ba." Ta juya wajen Inna. "Kun yi dace da 'yar aiki mai tsafta. Amma har da ɗiyarta kuke riƙewa?"

Goggo ta ƙura wa fanka ido.

Na ajiye farantin a hankali, ko ɗigo bai zuba ba. Na ce, "To, Mama. Bari in kira ta."

Na fita baranda, na durƙusa gaban keken Yalini, na zaro ledar nan daga kwando. Na dawo na warware ta a kan kujerar da aka tanadar wa amarya, na jingina ta da kyau, na gyara mata zama. Farar matar da farar 'yarta suna ta washe baki.

"Ga ta nan, Mama. Ita ɗanki ya nuna miki. Ba ta shiga rana, ba ta da baki, ba ta taɓa auren baƙin mutum ba. Ni kuma sunana Tilaga, wannan 'yata ce Yalini, wancan na jikin bango ubanta ne."

"Na shiga uku," in ji Goggo can ƙasan maƙoshi.

Matar ta gyara gilashi. Ta kalli ledar, ta kalle ni, ta zaro wayarta ta duba, ta sake kallona. Ta tsaya a kan tabon haɓata. Na ga lokacin da ta gane.

Yalini ba ruwanta da abin da ake ciki. Ta saki sarina ta ruga, "Kawu Logen!" ta kama yatsansa tana ja, wai ya ɗora ta a wuya yadda ya saba.

Uwarsa ta juya gare shi a hankali, muryarta ko rawa ba ta yi.

"Logendran. Wacce a cikin biyun nan ka kawo ni gani?"

Na harɗe hannu a ƙirji ina jiransa, don har a lokacin, Allah ya sani, ina son mutumin nan.

"Amsa mata," na ce. "Muna jinka, ni da 'yata."

Ya sunkuyar da kai yana kallon ɗan baƙin hannun da ke riƙe da yatsansa. Bai janye ba. Bai kuma riƙe ba.